Jan Tef a Kan Kwali Uku

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan sallar asuba

162 bisa 98. GP, wato likitar unguwarmu, ta ce in riƙa rubuta awon jinina a littafi kullum. Na rubuta. Sauran shafin nawa ne, in ga mai hana ni.

Jiya Firdausi ta zo daga Birmingham ɗaukar kwalayenta uku da ta ajiye a sitona lokacin da ta tashi daga flat ɗinta. Ta tarar babu. Sun bi kwantenar Kano ranar Asabar. Littattafan ƙagaggun labarai ne na Sifaniyanci, waɗanda take digirin dakta a kansu, guda tamanin da wani abu, kowanne ta cike gefen shafinsa da rubutun fensir na shekara huɗu. Ranar 14 ga watan gobe za ta shiga viva, wato malamai biyu su tsare ta a ɗaki su yi ta yi mata tambaya a kan kundin da ta rubuta. Ta tsaya a tsakiyar sito tana cewa, "Baba, my notes, duk notes ɗina suna ciki," kamar an ce mata gida ya kama da wuta.

Na ce kuskuren lodi ne. Na juya na tambayi Abdulsalami, mai yi min lodi, me ya sa ba ya duba kaya. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Shekara ashirin da shida ina ƙasar nan. Da goge-goge na fara a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly a nan Manchester, na yi tasi, yau mota uku gare ni da sito a Longsight, kuma daga Bolton har Stockport duk mai aika kaya gida sunan Ashafa yake kira. Ƙa'idata ɗaya ce: kayan da aka liƙa wa shuɗin tef ajiya ne, wanda aka liƙa wa ja tafiya zai yi. Ba a taɓa samun matsala ba.

Firdausi ta koma a jirgin ƙasa ba ta ci abinci ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi

Abdulsalami ya same ni a ofis. Ya ce, "Alhaji, kwantena tana tashar ruwa, jirgi sai Alhamis. In ka buga waya yau za su iya riƙe ta."

Na ce kayan mutum arba'in da biyu ne a ciki. Firij ɗin mutane, keken ɗinki, kayan auren 'yar wani. In tsayar da su saboda tatsuniya?

Ya ce, "Ai ba tatsuniya ce a wurinta ba."

Na ce ya je ya duba tayar farar motar.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Jirgi ya tashi. 158 bisa 96.

Jumma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

A ƙofar masallaci Likita Bara'u ya riƙe min hannu ya ƙi saki. Shi a babban asibitin Edgbaston da ke Birmingham yake aiki, ƙarshen mako yake zuwa wurin iyalinsa a Rusholme. Ya ce, "Alhaji Ashafa, ranar nan ka tafi da wuri, ka rasa wuri mai daɗi. Wallahi yarinyar nan ta iya magana."

Na ce wayar kasuwa ce ta fitar da ni.

Na ce ba zan rubuta abin da ya faru ranar ba, to bari in rubuta don ya fita daga ƙirjina. Alhamis ɗin makon jiya Firdausi ta gayyace ni jami'arsu, za ta yi jawabi a kan aikinta gaban jama'a. Na rufe sito. Na sa farar shaddata da hula zanna. Na bi babban titin M6 awa biyu da rabi. Na zauna a layi na biyu, Bara'u yana bayana. Ta ɗaga wani koren littafi, wai wata mata ce 'yar Kudancin Amurka ta rubuta, labarin wani tsoho mai motocin dakon gishiri da ke mulkin gidansa kamar barikin soja. Ta ce irin wannan uban ya cika littattafan can, kusan kowane marubuci da nasa. Sai ta yi murmushi ta ce da Turanci, ita ba sai ta tsallaka teku ba kafin ta gane mutumin nan, don da shi ta yi karin kumallo shekara goma sha takwas.

Aka yi dariya. Mutum wajen arba'in. Wani Bature mai ɗan kunne ya juyo ya dube ni, ya ɗaga min babban yatsa.

Na tashi na fita. Ban buga ƙofa ba, ita ce ta buga kanta.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Matata Murja ba ta yi min maganar ba sai yau. Tana yanka alayyahu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, jan tef ɗin nan ba a durowarka yake ba?"

Na ce to?

"Durowar da mukullinta ke jikin na motarka."

Na ce ko ta koma aikin 'yan sanda ne ban sani ba. Ta ce a'a, tambaya ta yi. Ta ci gaba da yanka. Shekara talatin muna tare, ban taɓa jin wuƙa tana ƙara haka a kan katako ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

165 bisa 101.

Ni na ce ta yi likitanci. A makinta na jarrabawar A-level babu ƙofar da ba za ta buɗu ba. Ta ce Sifaniyanci. Na ce a ina aka taɓa jin Bahaushe ya ci abinci da Sifaniyanci? Ta ce akwai ƙasa a Afirka ma da ke yinsa. Na ce to ta je can su ba ta aiki. Amma wa ya kai ta Birmingham da kayanta? Wa ya ɗaura mata kanta har huɗu a bango saboda littattafan nan? Ni, da direlata ta huda bango.

Kuma me ake karantawa? Na tambaye ta wata rana, ta ce ba labarin kawai take karantawa ba, tana karanta abin da masana suka faɗa a kan labarin, sannan ta nuna inda suka yi kuskure. Wani ya zauna ya shirya ƙarya, wani ya rubuta littafi a kan ƙaryar, ita kuma ta zo ta rubuta littafi a kan na biyun. Har ta nuna min wata jimla da ta ci shafi uku ba aya ko ɗaya. A makarantarmu ta Gusau da wanda ya rubuta haka ya sha bulala.

Ta ce, "Baba, a irin waɗannan littattafan kada ka yarda da mai ba da labarin. Ka lura da inda ya yi sauri ya wuce. Abin da ya tsallake, nan labarin yake."

Shirme.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Ta kira uwarta, minti arba'in. Ni ina falo. Ba a miƙo min waya ba, ban nema ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Abdulsalami ya kawo min mukullin sito ya ajiye a kan tebur. Dattijo ne mai shekara sittin, mutumin Ilori, girman Sabon Garin Kano. Shekara goma sha ɗaya muna aiki, bai taɓa fasa ko kofi ba. Ya ce bayansa ke ciwo.

Na ce tun yaushe?

Ya ce, "Tun ranar Lahadin nan. Alhaji, Firdausi a gabana ta girma. Ni na koya mata ɗaure kwali. Jiya ta turo min saƙo wai kada in damu, ta yafe min. Ka ji? Ta yafe min."

Na ce ai alheri ne.

Ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar bas ta Stockport Road.

Ya tafi ɗin. Masu neman aiki sun cika gari.

Jumma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Na yi lodi da kaina, ni da direba. Kafaɗata kamar an sa guduma. Na je wani masallacin a Cheetham Hill, ba don Bara'u ba, hanya ce ta bi da ni.

Murja ta ce Firdausi tana yawon library tana neman wasu kwafin. Ta samu kusan rabi. Sauran bugun ƙasashen can ne, wasu ta saye su ne a kasuwar tsofaffin littattafai lokacin da ta je bincike, ba a samunsu a nan. Kuma ko an samu, farare ne, babu fensirinta. Wai a gefen shafi take tunani, can take haɗa wannan marubuci da wancan, can lambobin shafukan da za ta kafa hujja da su suke. Malamar da ke duba aikinta ta ce a ɗaga ranar. Ta ƙi. Ta ce in aka ɗaga sai bayan sabuwar shekara, aikin koyarwar da ta nema kuma ba zai jira ta ba.

Taurin kai. Ban san inda ta gado shi ba.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na kira Ɗan'azumi ƙanena a Kano, shi ke karɓar kayana a can. Na ce in kwantena ta iso a fara fitar da kwali uku, a ɗauki hoton kowane shafi a turo. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, jirgi bai ma iso Legas ba. In ya iso ga layi, ga kwastan, ga hanya. Ka sa rai ƙarshen Nuwamba, in an yi sa'a. Kuma shafi nawa ne?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Wai wane sakarai ne ya yi wannan lodi?"

Na ce network ba kyau.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

170 bisa 104. Injin nan ma ban yarda da shi ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Ina neman takardar MOT ta gwajin lafiyar mota a akwatin gaban farar mota sai ga koren littafin. Na manta yana nan. Washegarin jawabin da na shiga sito shi ne a saman kwali na farko, ashe wanda ta ɗaga a can kwafin library ne, wannan shi ne nata. Na ɗauka in ga fuskar tsohon da aka ce ni ne. Babu hoto. Na jefa shi a mota, na koma ciki na yi abin da ke gabana.

Yau na buɗe. Sifaniyanci ban gane ko harafi ba. Amma fensirin gefen, rabinsa Hausa ne. Ashe da Hausa take rubutawa, ƙila don kada na kusa da ita a library ya leƙa. Hausar Manchester, ƙa da ka duk ɗaya a wurinta.

Na rufe. Ba na karanta sirrin mutane.

Talata, bayan la'asar

Shafi na 14: "Ya fara da alfadari ɗaya. Yana faɗa sau uku a rana. Baba da mop ɗin Piccadilly."

Shafi na 40: "Ba ya tambaya, sanarwa yake yi."

Shafi na 63: "Ya kori tsohon direbansa a kan laifin da shi ya yi. Kowa a gidan ya sani, an ci abinci shiru."

Wannan ta rubuta shi shekara uku da suka wuce, ga kwanan wata a sama. Ba ruwansa da kowa.

Rashin kunya ce tsagwaronta. A ce 'yar da ka haifa tana zaune tana auna ka da wani arne mai gishiri, shafi bayan shafi.

Jumma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Bara'u ya kama ni, yau ba hanyar gudu. Ya ja ni wurin mai shayi a Wilmslow Road. Na ce masa kai tsaye, kai ma ka yi dariya ranar, na ji muryarka.

Ya ce, "Na yi. Kowa ya yi. Amma Alhaji, minti biyar ka ji cikin minti hamsin. Ka san abin da ta ce bayan ka fita?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya ce, "To ni zan faɗa, ka toshe kunne. Ta ce shekara hamsin masana suna cewa ubannin nan na cikin littattafai shugabannin soja ne aka ɓoye cikin rigar uba, don marubutan na tsoron gwamnati. Ita ta ce ba haka ba ne, a ƙalla ba duka ba. Ta ce mutane ne da suka gina komai da hannunsu, suka tura 'ya'yansu makarantar da su ba su shiga ba, sai 'ya'yan suka dawo da yaren da uban ba ya ji. Ta ce ihun nan ba mulki ba ne, tsoro ne. Kuma marubutan ba tsanarsu suke ba, kewarsu suke. Shi ne duk kundin nata. Wani farfesa ya taso mata, ta zaunar da shi da lambar shafi. Tana yi tana kallon ƙofa."

Na ce ni tsoron wa nake ji?

Ya ce, "Sha shayinka, zai huce."

Likitan ƙashi ne fa. Me ya sani.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Shafi na 131: "Duk sun ce janar ne. Janar ba ya fita cikin sanyi ya kankare wa 'yarsa ƙanƙarar gilashin mota, ya dawo ya ce hukumar gari ce ta zuba gishiri ta narke."

Ashe ta gani. Ta taga, ina jin.

Shafi na 212, kusa da ƙarshe. Daga rubutunta na gane yadda abin yake: 'yar za ta bar garin, tsohon ya biyo ta tasha da akwatin da ya ƙwace mata. Ya zauna a mota, inji na aiki, yana kallonta ta madubi har jirgi ya tashi. Firdausi ta ja layi biyu a ƙarƙashi ta rubuta: "Duk littafin saboda wannan ƙofar motar aka rubuta shi. Bai fito ba. Baba ma ba zai fito ba."

Ba zai fito ba. Ta yanke hukunci, ta sa aya.

Wa ya gaya mata? Ta san ni ne? Ni da na sauka a Heathrow da jaka ɗaya da lambar waya ɗaya wadda ba ta shiga?

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan magariba

Murja ta tafi Birmingham tun da rana. Ta bar min miya a firij da takarda a kai: ƙarfe goma ne, ginin da ka sani.

Ba inda za ni. Ina da kayan Oldham.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, tara saura kwata, a cikin mota, Edgbaston

Ga ginin. Ana yayyafi. Inji na aiki saboda hita mai ɗumama mota, ba don komai ba.

Littafin yana kan kujera. Zan iya bai wa mai gadi ya kai mata.

Ga su can sun taho daga wajen tasha, ita da uwarta, lema ɗaya. Ta rame. Ta sa baƙin mayafin da na sayo mata a Madina.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, wurin hutawar matafiya a kan M6

Na fito. Ƙafata ta shiga kwata, ruwa har idon sawu, haka na ƙarasa gabanta takalmi na kuka.

Na miƙa mata littafin. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta ga fensirinta, ta rufe da sauri.

Na ce, "Ni na liƙa jan tef ɗin. Da hannuna, ranar Jumma'a. Kuma ranar Litinin akwai damar tsayar da kwantenar, ban buga wayar ba."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Na ce tun yaushe?

"Tun ina tsaye a sito. Nobody touches your red tape. Na tura wa Baba Abdulsalami saƙon nan ne don na san zai nuna maka. I'm not proud of it. Shi ma sai na ba shi haƙuri." Ta duba agogo. "Abin da na faɗa ranar, bai kamata in faɗa kana zaune ba tare da na gaya maka tukuna ba. Amma shekara huɗu ce, Baba. Shekara huɗu ka sa a jirgin ruwa."

Na dubi jiƙaƙƙen takalmina. Murja tana ta kallon wata bishiya.

Ta shiga. Awa uku da minti goma muna zaune a kan benci a baranda. Murja ta ce in cire safar in matse, na ce a gaban mutane? Na cire.

Ta ci jarrabawar, amma da gyara. Wata shida suka ba ta, ba wata ɗaya da take fata ba. A babi biyu sun nemi ta nuna musu shafi, ta san maganar, ba ta da lambar. A kan koren littafin kuwa, ta ce sai da ɗayan malamin ya ajiye biro ya saurara. Aikin koyarwar ba ta sani ba ko za su jira. Ba ta ce laifina ne ba. Ba ta ce ba laifina ba ne.

Ba ta bi mu gida ba, abokanta sun shirya mata abinci. A bakin mota ta miƙo min littafin ta taga, ta ce in riƙe mata har kwalayenta su dawo, kuma ni zan dawo da su, ta jirgin sama, duka uku. Na ce to. Ni Ashafa, aka yi min sanarwa na ce to.

Yanzu Murja ta shiga sallah na buɗe shafi na 212. A ƙarƙashin tsohon rubutun akwai sabo, da kwanan watan yau: "Ya fito. A makare, da jiƙaƙƙen takalmi, amma ya fito. A sake duba babi na biyar na kundina."

A makare wai. Tara saura kwata ina wurin.

149 bisa 92, da injin a kan sitiyari.

Gobe kafin masallaci zan je Levenshulme gidan Abdulsalami da mukullin sito. Murja ta ce kada in tsaya ina yi masa hon daga titi. Na ce na sani. Ta ce ta san na sani, faɗa ta yi.